Takobin da Aka Tono a Bola

Ranar da Naomi ta fara ɗora ido a kan Obadiya, harshensa a waje yake, yana lasar batir.

Da laimarta ta zo, tana tsallake kwatocin unguwar Wambai ta Suleja kamar mai tsallake macizai, har ta iso rumfar gyaran rediyon da aka kwatanta mata. Ta yi sallama. Saurayin da ke ciki ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata. Ya zaro wani ɗan batir mai kusurwa huɗu daga gwangwanin madara, ya manna kansa a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

"Wannan yana da rai," ya ce. Ya mayar da shi gwangwanin, ya ɗauko wani, ya lasa. "Wannan kuwa ya riga mu gidan gaskiya." Shi ma ya jefa shi cikin gwangwanin dai.

Naomi ta ja da baya. Ta ciro hankici ta toshe baki.

"Malam, lafiyarka ƙalau kuwa?"

"Lafiya lau, Malama. Sannu da zuwa. Ga kujera."

Ta dubi kujerar, ta ga baƙin mai da bawon gyaɗa, ta ce ta gode, tsayuwa ta fi mata.

Wanda bai san gidan da Naomi ta fito ba zai ce iyayi ne. 'Yar Baba Haruna ce, duba-gari, mutumin da in ya shigo layi da kakinsa da ludayinsa na leƙa randa, mata kan yi ta tuntuɓe da tsintsiya. A gidansa kowa da kofinsa, da suna a gindi. Wanda ya taɓa kuɗi sai ya wanke hannu kafin ya taɓa ƙofa. An ce ko ƙuda ya yi ɓatan kai ya shiga gidan, da yunwa yake fita. Naomi kuwa ta gaji uban har ta ɗara shi. A firamaren da take koyarwa, alli ma sai ta naɗe shi da takarda take riƙewa.

"Ba ka da na'urar awo ne, sai harshe?" ta tambaya daga bayan hankicin.

"Akwai mita, ga ta can. Allurarta ta maƙale tun bara. Harshe ba ya maƙalewa."

Ba don larura ba, da a nan ta juya. To amma a daminar nan ta casa'in da shida ita aka ɗora wa wasan kwaikwayon makon matasa na cocinsu, labarin korar Adamu daga gona, kuma dole a ƙarshe mala'ika ya fito da takobi mai harshen wuta. Bara da aka yi wani wasan da tsumma da kananzir, fuffuken mala'ika ya kama, har labulen da zumuntar mata suka saya ya tafi. Fasto ya rantse ko ashana ba za a sake ƙyasta masa a coci ba. Shi ne aka ce mata ta nemi yaron nan mai kula da lasifikar coci, wanda kullum yana durƙushe bayan akwati, shi ya sa ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

Ta yi masa bayani a gurguje, tana numfashi ta baki.

Obadiya ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya jawo wata matacciyar rediyo mai kaset, ya nuna mata 'yan jajayen ƙwayoyin nan da ke rawa a gabanta in an sa kiɗa. Ya ɓanɓaro ɗaya, ƙarama kamar idon zakara, da ƙafafu biyu na waya. Ya haɗa ta da batir ta cikin wani ɗan abu mai zane-zane, sai ga ta ta kama, ja zur, a tsakiyar tafin hannunsa mai baƙin dauɗa.

"Wuta ce wadda ba ta ƙuna," ya ce. "Taɓa ki ji. Ko a kunci kika ɗora ba ɗumi."

Ba ta taɓa ba. Amma ta sunkuya ta duba, da ta ɗago sai idonta ya faɗa cikin nasa, jan hasken yana rawa a ciki. Idanun dai, Allah na tuba, tas suke, ko Baba Haruna ba zai samu abin cin tara a cikinsu ba.

"Zan yi miki takobi," ya ce a hankali. "Sai dai hannu biyu gare ni, aikin kuwa na hannu uku ne. Za ki riƙa zuwa kina riƙe mini?"

"Zan zo," ta ce. "Amma da sabulu zan zo."

Da sabulun ta zo kuwa, da buta, da tsohuwar jarida ta shimfiɗa a kujera. Kullum in an tashi makaranta sai ta tsaya a kansa ya wanke hannu har gwiwa kafin a fara. Yana wankewa yana dariya.

"Sarauniyar Sabulu ta iso. Ƙudaje, kowa ya kama gabansa."

"Ƙazami. Wanke tsakanin yatsun."

Ruwan takobin da tiyon magina ya yi shi, garai-garai ɗin nan da suke auna daidaiton gini da shi, ya zura masa siririn ƙarfe don ya miƙe. Ƙotar kuwa gangar tsohuwar tocila ce, da makunninta. Aikin yana wajen 'yan fitilun. Ya ce kowace tana da ƙafar shiga da ƙafar fita, in aka juya ta ko ta shekara ba za ta kama ba. Sabuwa ana ganewa, don ƙafa ɗaya ta fi tsawo, amma waɗannan na cire-cire an datse su daidai, sai a dubi gefen da ya ɗan baje. Idon Naomi ya fi nasa kaifi, don haka ita ke jera su a kan jarida, duk fuska ɗaya, shi kuma yana liƙa su da dalma, uku-uku, ƙafar wannan a ta wancan.

"Wannan mai zanen fa, me yake yi?" ta tambaya wata rana.

"Rasista ke nan. Ni ɗan birki nake ce masa. Kowane jeri sai an sa masa ɗaya."

"In ba a sa ba fa?"

"Kin taɓa ganin an yi wa jariri ɗurar kunu ba a sassauta ba? Haka batir zai yi musu. Su yi haske sau ɗaya, su ƙware, shi ke nan."

Ta yi dariya, sai kuma ta ga ya sa haƙori yana feɗe waya, ya tofar da robar a ƙasa. Dariyar ta koma ciki.

"Obadiya, don girman Allah. Ga reza."

"Reza tana yanke gashin wayar. Haƙori ya san inda zai tsaya."

"Wannan bakin naka, ban san wace mara rabo ce za ta zauna da shi ba."

"Ni na san ta," ya ce, bai ɗago ba. "Tana zaune a kan jarida."

Ta ɗauki sabulun ta jefe shi da shi.

Haka aka yi ta yi. In an ɗauke wuta ya tura ƙarfen liƙin cikin garwashi, ita ta yi fifita. Ranar da jerin farko ya kama a cikin tiyon, mantuwa ta sa ta ɗauki fitila ɗaya ta ɗora a kuncinta don ta ji ko da gaske ba ɗumi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Masu sayar da masara a bakin rumfar dai sun lura cewa "Ƙazami" ya fara fitowa da wata irin murya, har wata ta ce ta ji an ƙara masa "na" a ƙarshe.

To, akwai Emmanuel. Akawu ne a wata ma'aikata a Abuja, yana haya a Suleja kamar sauran 'yan uwansa masu sammakon bas. Dogo, fari tas da kaya, da hankici biyu a aljihu, ɗaya na fuska ɗaya na kujera. Turarensa kan riga shi shiga coci. Baba Haruna in ya gan shi har wani sanyi yake ji, don ya taɓa duba faratansa a wajen gaisawa bai samu komai ba. Shi aka ba mala'ika, saboda tsawo da kuma fararen kaya. Ya riga ya fara zuwa gidan da lemo a leda, yana ce wa tsohon "Dadi" kamar ɗan gida.

"Sista Naomi," yakan ce, "ni ban ga abin da ke kai ki wannan wokshof ɗin ba. Ko wucewa na yi sai na ji ƙaiƙayi."

Naomi ta san gaskiyarsa ce, ita ma tana jin ƙaiƙayin. Abin da ya dame ta, in tana zaune da Emmanuel a tsakar gida mai ƙamshi, hankalinta yana can cikin ƙaiƙayin.

Ana saura kaɗan takobi ya kai tsini, fitilu suka ƙare. Matattun rediyoyin rumfar duk an cinye su.

"Kada ki damu, Fitilata," in ji Obadiya. "Ba yau na fara samowa ba."

Ba ta tambaye shi inda yake samowa ba.

Washegari da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, Baba Haruna ya fita duba bolar bayan kasuwa. Wanda ya san bolar nan da damina ya san ba wurin kwatance ba ne ga mai shirin cin abinci. Ruɓaɓɓen tumatir, hanjin kaji, gashin aski, ledojin da ba a tambayar abin da ke ciki, duk sun jiƙe sun kumbura suna tururi. A can tsakiya ya hango mutum ya nutse har ƙwauri, yana jan wani abu kamar mai cire rogo. Abin ya fito, rediyo ce. Mutumin ya buga ta a gwiwa, kyankyasai suka zubo kamar an kwance buhun gero, wasu suka hau hannunsa. Ya karkaɗe su, ya leƙa gabanta, ya yi murmushi. Sannan ya zaro batir daga aljihu, ya lasa, ya gwada.

"Kai, wane ne nan?"

Mutumin ya juyo, ya rusuna cikin ruɓar. "Ina kwana, Baba. Obadiya ne, mai yi wa Malama Naomi takobi."

Ranar Baba Haruna bai ci tuwo ba. Matarsa Talatu ta ajiye kwano, ya ture. Ya kira Naomi ya zayyana mata komai, bai rage ko kyankyaso ɗaya ba.

"Na ji ana raɗe-raɗin yana son turo manyansa," ya ce. "To ki gaya masa, ni Haruna ina raye, bakin da ke lasar kayan bola ba zai kira sunan 'yata a gaban fasto ba. Kuma kada ƙafarsa ta taka mini daɓe."

Naomi ba ta ji ƙarshen maganar ba. Kuncinta ta tuna. Ta ruga bayan gida ta yi amai har sai da ta ga ruwan ɗaci, sannan ta dirje kuncin da soso da toka har ya yi ja kamar fitilar. Da la'asar ta isa rumfar, ba jarida, ba sabulu.

"Duk waɗanda na jera da hannuna, daga bola suke?"

Ya sunkuyar da kai. "Yawancinsu. Amma ina wanke su da fetur kafin ki zo."

"Da fetur."

"Naomi, a Suleja babu mai sayar da su. Na yi miki alkawarin takobinki zai ci wuta. Da na gaya miki inda suke fitowa, da ba ki sake zuwa ba, ni kuma zuwan naki nake so."

"Ka bar ni na ɗora bola a fuskata kana kallo."

"Kin yi kyau a lokacin, shi ya sa na kasa magana."

"Kada ka ƙara kiran sunana da wannan bakin," ta ce, ta juya. Tana tafiya tana kuka, tana kuma kula kada hawayen ya bi ta kuncin nan ya shiga bakinta.

Bayan 'yan kwanaki Mama Talatu ta karɓo rediyonta da ta kai gyara wurin Obadiya, ta ajiye a ɗakin Naomi, ta ce da wata irin fuska, "Akwai kaset a ciki. Ya ce waƙoƙin kwayar coci ne. Ni dai ban cika jin waƙa da rana ba." Naomi ta goge kaset ɗin da tsumma ciki da waje, ta rage murya, ta danna.

"Fitilata. Kin ce kada in kira sunanki, to ban kira ba. Na wanke baki da gawayi da gishiri kafin in fara wannan magana, Allah ne shaida. Takobi ya kammalu, yana ɗakin ajiya na coci a naɗe cikin sabuwar leda. Batir ɗin ciki mai rai ne, zai kai ku ƙarshen wasa, in dai ba a bar makunnin a kunne ba. Wayar da ke riƙe da hular da ake maƙala wa kan batir siririya ce, kada a yi ta cirewa ana mayarwa, za ta tsinke. Ranar wasan zan tafi Izom gyaran lasifikar wani coci, don kada ki hango ni zuciyarki ta tashi a ranar farin cikinki. Na yi laifi da na ɓoye miki. Amma ko yau kika ce kina son wata fitilar, bolar zan koma, don ban san wata hanyar ba. Sabulunki yana nan, ina amfani da shi, ya kusa ƙarewa. Naki, Ƙazami."

Ta mayar da kaset ɗin baya ta sake ji. Ta ce a ranta, ji mutum, ko tuban nasa wari yake. Ta sake mayarwa.

Ranar wasa ta zo. Da yamma coci ya cika har taga, aka rufe tagogin da barguna don duhu ya samu. Adamu ya ci abin da ya ci, maciji ya yi ta birgima cikin buhun algarara, 'yan kwaya suka kama waƙar da daga ita sai fitowar mala'ika. A ɗakin ajiya Naomi ta miƙa wa Emmanuel takobi, yana tsaye da fukafukan kwali da auduga. Ya danna makunni. Ko ƙyalli.

"Ai jiya yana yi," ya ce. "Na kai shi situdiyo an ɗauke ni hoto da shi. Har gida na je da shi, na jingine a gaban madubi, ya haska ɗakin gwanin kyau."

"Ka kashe kafin ka kwanta?"

Emmanuel ya sosa ƙeya. Sai kuma ya kwance gindin tocilar da sauri ya fizgo batir ɗin, wai zai duba. Naomi ta ƙwace. Wayar hular ta kusa rabuwa, gashi biyu ko uku ne suka riƙe ta. Sau ɗaya za ta jure a ɗora mata wani batir, ba za ta jure gwaje-gwaje ba.

Ta waiga. A bayan akwatin lasifika ga gwangwanin Obadiya na coci, ɗan uwan na rumfa. Ta buɗe, wani hamami ya bugi hancinta. Batura ne cike, masu rai da matattu a haɗe kamar yadda ya saba zuba su, tunda shi harshensa ke rarrabe masa. Wasu sun yi tsatsa, wasu sun fitar da farin gari, ga ƙwan kyankyaso manne a gefe, ga wani abu baƙi-baƙi da ɓera ya bari.

Daidai nan Baba Haruna ya turo ƙofa, don shi dattijo ne a cocin.

"Me ake jira? Kwaya sun maimaita baitin nan har ya fara tsami."

"Buroda Emmanuel," in ji Naomi, "ɗora kan batir ɗin nan a harshenka. In ya cije ka, mai rai ne."

Emmanuel ya leƙa gwangwanin ya ja da baya har fuffukensa ya lanƙwashe. "Ni? Allah ya kiyaye. Sista, a fita da shi haka mana. Takobi ai takobi ne."

Naomi ta dubi takobin. Ta ga jerin 'yan ƙwayoyin a cikin tiyo, uku-uku, kowane da ɗan birkinsa, duk fuska ɗaya kamar yadda ta jera su. Mutum ya nutse cikin ruɓa har ƙwauri saboda waɗannan, don dai ta ce tana so. Yanzu a fitar da su a mace, gari ya ce aikin ɗan bola ne, dama me ake tsammani.

Ta sa yatsu biyu ta ɗauko ɗaya. Ta goge shi a gefen zaninta. Ta rufe ido.

"Naomi," in ji uban, murya can ƙasa. "Me za ki yi?"

Ta lasa.

Ɗanɗanon tsatsa ne da gishiri da wani abu mai kama da tsohon kwabo da ya kwana a kwata. Batir ɗin matacce ne. Ta ajiye shi gefe, ta ɗauko wani. Shi ma shiru, sai farin garin da ya manne mata a leɓe. Na bayansa ya ɗan yi tsami kaɗan, kamar mai jin kunya, ta san ba zai kai ko'ina ba. Hawaye na zuba, hanci na zuba, ta ci gaba. Emmanuel ya juya bango yana kakari cikin hankicin kujera, don a ruɗe bai tsaya zaɓe ba. Baba Haruna kuwa ya dafe ƙofa, bakinsa a buɗe, abin da bai taɓa yi ba saboda ƙuda.

Sai wani ya cije ta. Cizo sosai, har ta ji shi a kunne.

"Wannan yana da rai," ta ce.

Ta ɗora masa hular a hankali kamar mai sa wa jariri tagiya, ta tura shi cikin ƙota, ta murɗa gindin, ta danna. Takobin ya kama tun daga ƙota har tsini, ja zur, ɗakin ajiya ya koma kamar cikin murhu.

Da mala'ika ya fito, yara suka ruga bayan iyayensu, tsofaffin mata suka kama salati irin nasu suna kiran sunan Ubangiji. Fasto ya miƙe zai nemi bokitin ruwa, sai da aka riƙe shi. Mala'ikan dai an lura yana riƙe da takobin nesa da jikinsa, da yatsu uku, kamar mai fitar da mushen ɓera, amma mutane suka ɗauka tsarki ne.

Ana watsewa Naomi tana bayan coci da buta tana kurkure baki, sai ga Obadiya, jakar aiki a kafaɗa, bai daɗe da saukowa daga motar Izom ba. Ya ce wai wucewa yake yi. Wucewar da ta kai shi leƙen taga ta ƙarƙashin bargo.

"Na ga ya kama," ya ce daga nesa. "Amma mai gadin coci ya ce batir ya mutu. Wa ya zaɓo muku mai rai a gwangwanina?"

Ta tofar da ruwan, ta zaro masa harshe. Ga baƙin tsatsa a tsininsa.

Obadiya ya ajiye jakar a cikin taɓo. Idonsa ya kawo ruwa.

"Fitilata."

"Kada ka matso. Amai nake ji. Ƙazamin banza, wane irin mutum ne ke zuba rayayye da matacce a gwangwani ɗaya?"

"Zan raba su."

"Da kashin ɓera a ciki, Obadiya."

"Zan wanke."

"Sabulun ya ƙare?"

"Saura ɗan ƙanƙane."

"Gobe zan kawo wani," ta ce, ta sake ɗaukar butar.

Kafin Lahadi ta zagayo, babu wanda bai ji ba daga Wambai har Chaza, don Emmanuel da bakinsa ya yi ta bayarwa a cikin bas, yana ƙarawa da cewa shi kam ya janye, ba zai iya haɗa cokali da ita ba. Baba Haruna ya ware kofin Naomi ya rataye shi a can bakin rijiya. Ya daina magana a gidan sai tsaki. Mama Talatu ta bar shi ya yi ta yi, sai wata safiya tana dama masa koko ta ce:

"Baban Naomi, ni fa lissafin ne ya ɓace mini. Ka ce bakin da ya lashi ƙazanta ba zai kira sunan 'yarka ba. To yanzu bakin 'yar taka, sunan wa zai kira? Mai turaren ya gudu. Wancan kuwa da ya shiga bola, ba don cikinsa ya shiga ba, don ita ya shiga. Kai da kake shiga bolar kullum da sunan aiki, na taɓa ƙin wanke maka kaki?"

"Ni ba na lasa."

"Ita ta lasa. A gabanka. Ko ni da na haife ta ban taɓa ganin ta sha ruwa a kofin wani ba. In wannan bai gaya maka komai ba, to kokonka na hucewa."

Ya sha kokon. Da yamma ya sa kakinsa, ya ɗauki ludayi, ya nufi rumfar gyaran rediyo. Ya duba ƙarƙashin tebur, ya duba bayan ƙofa, ya sa aka fitar da shara har buhu-buhu. Ya sa Obadiya ya miƙo hannu ya duba farce ɗaya bayan ɗaya, yana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci.

"Ka saurare ni, yaro. Gwangwani biyu, ɗaya na masu rai, ɗaya na matattu, kowanne da murfi. Bola, in ta zama dole, da takalmin roba da safar hannu. Mitar can kuma ka gyara ta kafin ka turo mini kowa. Mutum yana gyara na mutane ya kasa gyara nasa."

"An gama, Baba. Na gode, ranka ya daɗe."

"Kada ka gode mini. Ba sonka nake ba. Na rasa yadda zan yi da ita ne."

Bayan an kawar da amfanin gona aka ɗaura auren a cocin nan. Da fasto ya ce ango ya kira sunan amarya, Obadiya ya kira shi a hankali, da bakin da ya sha gawayi da gishiri har dasashi ya yi ja. Matasa suka so a yanka kek da takobin, Baba Haruna ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa, don haka aka ɗaga shi sama ango da amarya suka wuce ta ƙarƙashi, yana ci ja zur. Naomi ta raɗa wa mijinta, "Ƙazamina, ka wanke hannu kafin ka riƙe nawa?" Ya nuna mata tafin, fari tas, har ta ɗan ji kewar baƙin.

Wata mai kwashe kujeru kuma, wadda ba ta saba ƙarya ba sai in ta kama, ta ce ta ga Baba Haruna shi kaɗai a bayan rumfar biki. Wai ya zaro ɗan batir daga aljihu, ya goge shi da hankici, ya sake gogewa, ya waiga hagu da dama, sannan ya ɗan taɓa shi da tsinin harshe. Ya zabura har hularsa ta faɗi. Ya tofar da yawu, ya ce, "Ƙazanta." Ya mayar da shi aljihu.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa 'ya'yan su ɗauko idon uban da tsaftar uwar. Amin.